Kayan Jita Masu Bawul: A Gyara ko A Haƙura?

Sana'armu a shagon gyaran rediyo aka haife ta. Leo Fender, wanda sunansa ke jikin jitoci da amfilifaya a faɗin duniya, ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, kuma bai iya kaɗa jita ba. Makaɗa ne suka riƙa kawo masa kayansu da suka lalace, yana buɗewa yana ganin inda suke mutuwa. Da ya kafa kamfaninsa a 1946, sai ya ƙera kaya irin na mai gyara: ka kwance ƴan kusoshi, komai ya bayyana a gabanka.

Bawul kuwa ya girmi wannan zamani. Ƙaramar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, wadda John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro a Ingila a 1904, sannan Lee de Forest ya inganta ta a Amurka a 1906 har ta iya ƙara ƙarfin sauti. Abin da makaɗa suka gano shi ne, idan aka matsa wa bawul fiye da ƙima, muryarsa ba ta tsagewa farat ɗaya. Kauri take yi da ɗan gurnani mai daɗin ji. Injiniyoyi suna kallon haka a matsayin aibi, makaɗa kuwa shi suke nema. A kan wannan gurnani Jim Marshall ya gina amfilifayarsa ta farko a Landan a 1962, bisa tsarin amfilifayar Bassman ta Fender.

Na'urorin ƙawata sauti ma da bawul suka fara. Charlie Watkins ya fito da Copicat a Landan a 1958, na'urar da ke naɗar sauti a zaren tef ta maimaita shi kamar amsa-kuwwa. Amurka ta yi Echoplex, Italiya ta yi Binson Echorec mai faifan ƙarfe a maimakon tef, wadda ƙungiyar Pink Floyd ta shahara da ita. Sai tiransista ta shigo, ga araha, ga rashin nauyi, ba ta zafi. Kamfanin RCA ya rufe masana'antarsa ta bawul a garin Harrison a 1976, wasu suka bi sahu. Yau galibin ƙera bawul ya koma hannun ƴan tsirarun masana'antu a Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 bawul ya yi ƙaranci, farashi ya tashi.

Daga nan ne tambayar da muke sha kullum, a gyara ko a haƙura, ta samo asali. Mutum ya tsinci na'ura a kayan gwanjo, ya kunna ta, ta yi gunji ko ta yi shiru, ya ce da mu: "Malam, bawul ɗin ne ya mutu." Sau da yawa ba shi ba ne. Bawul a soket yake zaune, a zare shi a sa wani, kuma irin 12AX7 har gobe ana ƙera shi. Abin da tsufa ya fi ci shi ne kafasita, domin ruwan cikinta bushewa yake yi. Za ka gan ta ta kumbura, wani farin gari yana fitowa daga gindinta, kuma ita ce mai kawo gunjin nan. Canza ta ba wani kuɗi ba ne. Haka datti a soket ko dalmar da ta tsage.

Inda nake sa wa mai kaya ido shi ne tiransifoma. Idan ka shinshina ka ji ƙaurin ƙonewa, ka ga wani abu kamar kwalta ya tsiyayo daga jikinta, to magana ta canza, domin kuɗin sabuwa ko na sake naɗa waya kan kai rabin darajar na'urar ko ya wuce. A ƙasashenmu wannan ya fi faruwa: kayan Amurka na wuta volt 120 ne, a Najeriya da Nijar kuwa wutar ta kusa ninki biyu, wani ya jona kai tsaye ya ƙone ta. A na'urar tef kuma, moto da kawunan da ke karanta tef su ne abin dubawa. Idan sun cinye, samunsu wahala ne.

Sai a duba yadda aka haɗa cikin na'urar. Tsofaffin da hannu aka jera su, waya zuwa waya, kuma zanen tsarinsu yana samuwa. Waɗannan sun cancanci gyara ko da an kashe kuɗi, domin bayan gyara za su yi wasu shekaru masu yawa suna aiki. Amma akwai ƙananan akwatunan ƙawata sauti da ake takawa da ƙafa, masu araha na baya-bayan nan, da aka maƙala wa bawul ɗaya ana ba shi ƴar wuta kaɗan, sauran aikin duk tiransista ke yi a kan siririn fanel. Irin wannan idan kuɗin gyara ya doshi na sabuwa, gaskiya nake gaya wa mai ita ya haƙura.

Gargaɗi ɗaya ba na gajiya da yi. A cikin waɗannan na'urori akwai wutar da kan kai volt 300 zuwa 500, kuma kafasita tana riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Tana iya kashe mutum. Wanda bai koyi sauke wannan wuta ba, kada ya sa hannu.

Abin da ya fi damuna yanzu ba ƙarancin bawul ba ne, ƙarancin masu gyara ne. Dattawan da suka koyi aiki a kan rediyo mai bawul suna ƙarewa, matasa kuma canza fanel suka iya. Duk matashin da ya sami irin wannan dattijo a unguwarsu, ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, koya mini," tun yana da rai.