Zariya: Haƙƙin magina da leburori idan suka faɗo daga gini

Dokar Najeriya ta tanadi diyya ga duk ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aikinsa, ko da kuwa lebura ne da ake sallama da yamma, kuma ko da da baki aka ƙulla aikin.

Wannan tanadi ya shafi birnin Zazzau kai tsaye, inda gidajen bulo da benaye ke maye gurbin soraye na ƙasa, tun daga Ƙofar Doka har zuwa Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana.

A ginin gargajiya, magini kan zauna ne a kan katangar da yake ɗorawa, ana jefo masa tubali daga ƙasa. Ginin bene kuwa sai an kafa dandamali na katako ko gora ko ƙarfe a jikin bango, wanda birkiloli da masu yaɓe da masu fenti ke hawa.

Idan katako ya ruɓe, ko ƙusa ta zare, ko aka jibga wa dandamalin bulo fiye da kima, abin da kan biyo baya shi ne karaya, ko raunin ƙashin baya, ko rasa rai.

Rushewar wani sashe na babban masallacin Juma'a na Zariya ranar 11 ga watan Agusta na 2023, ta sake ta da maganar lafiyar gine-gine a birnin. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina masallacin a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Waɗanda suka rasu a ranar masallata ne, to amma tambayar da ta taso ita ce wadda ake yi a kowane wurin gini: wa ke da alhaki?

Dokar da ke aiki

Dokar diyyar ma'aikata da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamban 2010, ita ce ta maye gurbin ta 1987.

A tsohon tsari, mai aiki ne ke da alhakin biyan diyya da kansa. A sabon tsarin kuwa, kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, cikin wani asusu da hukumar NSITF ke kula da shi. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni.

Dokar ta hana a cire wannan kuɗi daga ladar ma'aikaci. Ta kuma ce duk wata yarjejeniya da ma'aikaci ya yi cewa ya yafe haƙƙinsa na diyya, ba ta da tasiri.

Ba a buƙatar ma'aikaci ya tabbatar da laifin wani. Abin da ake nema shi ne hatsarin ya auku a bakin aiki ko ta dalilinsa.

Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da mai koyon sana'a, da na sassan da ba na hukuma ba.

Wa'adin kai rahoto

Wanda ya ji rauni, ko iyalansa idan ya rasu, za su sanar da mai aikin cikin kwana 14.

Shi kuma mai aikin zai sanar da hukumar NSITF cikin kwana 7. Idan rasuwa aka yi, nan take ake kai rahoto.

Ana shigar da takardar neman diyya cikin shekara 1. Hukumar na iya karɓarta har zuwa shekara 3 idan akwai uzuri mai ƙarfi.

A nan ne takardar asibiti ke da muhimmanci. Wanda aka kai asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, yana da shaidar ranar hatsarin da girman rauninsa. Wanda aka wuce da shi wajen mai ɗori kawai, zai sha wuya kafin ya tabbatar da iƙirarinsa.

Abin da ake biya

Wanda ya nakasa baki ɗaya, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu a wata, har ya kai shekara 55. Wanda ya riga ya kai waɗannan shekaru, ana biyansa na tsawon shekara 2.

Wanda nakasarsa ba ta kai haka ba, ana auna diyyarsa da gwargwadon abin da ya ragu na ƙarfin neman abincinsa. Hukumar na iya ɗaukar nauyin magani da koya masa wata sana'a.

Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suka dogara da shi kacokan, za a riƙa ba su kashi 90 cikin 100 na albashinsa a kowane wata. Idan ɗa guda ne, kashi 85. Ana biya wa yara har su kai shekara 21 ko su kammala digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

Zuwa kotu

Dokar ta ba ma'aikaci zaɓi: ko ya karɓi diyyar asusun, ko ya kai ƙara bisa zargin sakaci. Ba a haɗa biyun.

Wanda bai gamsu da hukuncin NSITF ba, yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa. Daga nan sai kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna. Gyaran tsarin mulki da ya fara aiki a 2011 ya keɓe wa wannan kotu shari'un da suka shafi aiki da lafiyar ma'aikata.

Haka kuma dokar inshora ta 2003 ta wajabta yin inshora ga ginin da ya wuce hawa biyu tun ana cikin gina shi, domin biyan wanda sakaci ya cutar. Dokar 2025 da ta maye gurbinta ba ta ɗauke wajabcin inshorar gini ba.

Diyya a Musulunci

A fiƙihun Malikiyya da ake bi a Zazzau, diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinare. Hannu ɗaya ko ido ɗaya na mai ido biyu rabin diyya ne, yatsa kuwa raƙuma 10.

Sai dai ba kowace faɗuwa ce ke wajabta diyya ba. Malamai na ɗora lamuni ne a kan wanda ya yi ta'addi ko sakaci, kamar wanda ya kafa dandamali da katakon da ya san ya ruɓe. Yarda da ƙaddara ba ta ɗauke haƙƙi daga kan mai sakaci, ko da yake magada na da ikon yafewa.

Inda gizo ke saƙa

Yawancin ƙananan gine-gine a cikin birni, mai gida ne ke kiran birkila, shi kuma ya ɗebo leburori. Babu rajista da NSITF, babu takardar albashi, babu inshora.

Shi ya sa irin wannan hatsari kan ƙare a zauren mai unguwa, a biya kuɗin magani, a yi addu'a, a watse.

Sulhu alheri ne, amma kafin a amince da shi, ya kamata iyalai su san abin da doka ta tanadar masu. Marasa hali na iya neman lauya kyauta daga hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976.