Kyaftin Matthews: Sojan Da Kamu Bai Raba Shi Da Aikinsa Ba

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa a rai shi ne yaƙin Bama, inda iyayenmu da kakanninmu suka gwabza da Japanawa. A wannan 'yar maƙala za mu waiwayi tarihin wani soja ɗan ƙasar Ostareliya da ya faɗa hannun waɗannan abokan gaba, domin mu nuna cewa aikin soja ba ya ƙarewa ran da aka ƙwace masa bindiga.

Aikinsa Na Soja

An haifi Lionel Matthews a birnin Adelaide a shekarar 1912. Ya shiga sashen sadarwa na Runduna ta 8 a 1940, aka tura shi Malaya a 1941. Da Japanawa suka kawo farmaki, shi ne ya riƙa gyara wayoyin sadarwa ana ruwan harsasai, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Military Cross. Ranar 15 ga Fabrairu, 1942, Singafo ta faɗi, shi da dubban 'yan'uwansa suka zama fursunonin yaƙi.

Zaman Sandakan

A watan Yuli na 1942 aka kwashi fursunoni kimanin 1,500 zuwa Sandakan, a tsibirin Borneo, domin su gina wa Japanawa filin jirgin sama. Ga yunwa, ga cizon sauro, ga bugu. A nan ne Matthews ya ƙulla hulɗar asiri da wani likita mai suna Taylor da kuma 'yan sandan yankin. Ta hannunsu magani ya riƙa shiga sansanin a ɓoye, aka harhaɗa rediyo don jin labarin yaƙi, aka kuma taimaka wa wasu suka tsere. Shi kansa ya sami hanyar gudu, amma ya zaɓi ya zauna tare da mutanensa.

Asiri ya tonu a watan Yuli na 1943. 'Yan sandan soja na Japan suka yi ta gana masa azaba don ya ambaci sunayen abokan shirinsa, ya ƙi buɗe baki. Aka kai shi Kuching, aka yanke masa hukuncin kisa. Ranar 2 ga Maris, 1944, aka harbe shi yana da shekara 31, bayan ya ƙi yarda a ɗaure masa idanu. Waɗanda suka saura a Sandakan ma ba su tsira ba, domin fiye da mutum 2,400 ne suka salwanta a sansanin da kuma tattakin da aka tilasta musu zuwa Ranau a 1945. Shida kacal suka kuɓuta.

Kammalawa

A 1947 aka karrama Matthews da lambar George Cross, kabarinsa kuwa yana maƙabartar soja ta Labuan. Sai dai ya kamata mu tuna cewa ba shi kaɗai aka harbe a ranar ba. Akwai mutum 8 mazauna Borneo, cikinsu har da Jemadar Ujagar Singh da Saja Abin, waɗanda ba dolensu ba ne su sa kansu cikin haɗari, amma suka sa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muka san yadda tarihin yaƙin Bama ya yi ƙwauron sunayen namu sojojin, bai dace mu ambaci Kyaftin mu tsallake su ba.