Malam Umaru da Ƙofar Jami'a a Katsina

Mu Katsinawa ba ma gajiya da faɗin cewa garinmu gidan ilimi ne tun kaka da kakanni. Da zarar baƙo ya sauka sai mu kai shi Hasumiyar Gobarau, mu ba shi labarin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, sa'annan mu ƙarasa da shi tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai muke yi wa kanmu ba, wato 'ya'yan wa suka samu shiga wannan gida, kuma su wa aka bari a bakin ƙofa?

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe kwalejin a 1922 domin horar da malaman makaranta. Ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, amma ƙofarta ƙarama ce ainun. Yara ƙalilan ake tsamowa daga lardunan Arewa, galibinsu daga gidajen sarauta da na makusantan fada, kuma babu mace ko ɗaya. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Aka bar mana gini da suna. Ko da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, lokacin ɗanmu Alhaji Isa Kaita yana Ministan Ilimi na Jihar Arewa, a Zariya aka kafa ta. Shekara da shekaru duk Bakatsinen da ke son digiri sai ya ɗaure akwatinsa ya nufi Zariya ko Kano ko Sakkwato. Ɗan mai hali ya tafi. Ɗan manomi, ko yarinyar da mahaifinta ba zai yarda ta yi nesa da gida ba, sai haƙuri.

Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana cikin waɗanda suka tafi. An haife shi a 1951 a gidan Matawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko, saboda haka ba za a ce ya taso cikin rashi ba. Ya fara firamare a Rafukka, ya wuce Dutsin-ma, ya yi Kwalejin Gwamnati ta Keffi, sannan Barewa, wato dai makarantar nan da aka ɗauke daga garinsu. Ya sami digiri a fannin koyarwa da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, daga baya ya ƙara na biyu.

Da irin wannan takarda da irin wannan gida, babu ofishin da zai ƙi shi a wancan zamani. Shi kuwa alli ya ɗauka. Bayan bautar ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Legas, daga 1976 zuwa 1983 ya koyar a Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda daga cikinta aka samu makarantar da muke kira Kwalejin Hassan Usman Katsina a yau. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura, domin irin waɗannan kwalejoji su ne gadar da yaron da ya fito daga sakandare ke takawa kafin jami'a ta karɓe shi. Malamin da ke tsaye a kan wannan gada shi ke ganin inda yara ke zamewa. Zai ga yaro mai ƙwaƙwalwa wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, da wanda Turanci ya kayar alhali ya fahimci darasin sarai. A shekarun ne kuma ya bi aƙidar jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, duk da cewa mahaifinsa jigo ne a NPN, tafarkin da ya haɗa shi da irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin nan ɗan Musawa.

Gwamnatin tarayya tana da nata maganin. An kafa hukumar JAMB a 1978, aka kuma ware kashi 20 cikin ɗari na guraben jami'o'in tarayya ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko, Katsina na cikinsu. Amma gurbi ba ya cika kansa. Idan yaro bai samu sakamako mai kyau a darussa biyar ba, kujerar da aka ajiye masa wani ne zai zauna a kai. A ganinmu wannan ne ya sa da Malam Umaru ya zama gwamna a 1999 bai fara da jami'a ba. Sai da ya bi makarantun firamare da na sakandare da gyara da sababbin ajujuwa tukuna. A 2006 aka zartar da dokar kafa Jami'ar Jihar Katsina, ta fara karatu a 2007, shekara 85 ke nan bayan buɗe tsohuwar kwalejin. Kada mu manta, al'ummar gari sun riga gwamnati, domin tun 2005 aka kafa Jami'ar Musulunci ta Katsina, wadda ake kira Al-Qalam a yanzu. Ta tarayya da ke Dutsin-ma ta biyo baya a 2011.

Ba za mu ce shi babban shehin malami ba ne. Shekara bakwai kacal ya yi yana koyarwa a kwaleji, bai kai matsayin farfesa ba, kuma ya bar aji ya shiga harkar noma da kasuwanci a Funtuwa kafin siyasa ta ja shi. Haka nan jami'ar ba ta share wa kowa hawaye ba. Har yau akwai iyayen da kuɗin rajista ke gagara, kuma yaron Jibiya ko Ɓatsari wanda rashin tsaro ya rufe makarantarsu bai ma kai ga zancen JAMB ba. Abin da ba a musu shi ne yarinyar Ƙofar Ƙaura ko ta Rafindadi tana iya hawa Keke Napep da safe ta bi hanyar Dutsin-ma, ta ɗauki darasi, ta dawo gidan ubanta kafin magariba, har ta kammala digiri.

A 2009 aka sa wa jami'ar sunansa yana kan kujerar shugaban ƙasa, ko da yake wasunmu na ganin da an jira bayan ransa da ya fi dacewa da halinsa na rashin son nuna kai. Bai daɗe ba. Allah ya karɓi abinsa ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka kawo shi gida aka rufe shi a maƙabartar Ɗan Marina. Allah ya jiƙansa da rahama.