Dutsen da ya shigo Najeriya ta akwatin zaɓe: tafiyarmu Mambila a kan babur

1/ Da muka gama jarrabawar zangon da ya wuce, ni da wani ɗan ajinmu muka hau babur ɗaya daga Jalingo muka nufi Mambila. Niyyarmu kwana huɗu: mu sha iska, mu ɗau hotuna, mu dawo. Amma jama'a, ko kun san ranar da Najeriya ta samu 'yanci Gembu ba ta cikinta? Ni ma sai a can na sani. Ku biyo ni.

2/ Boxer ce ta yayan abokina, ya ba mu aro bayan dogon gargaɗi. Muka ɗaure galan ɗin fetur, kayan faci, famfon iska da rigunan sanyi, kowa da hular kwanonsa. Daga Jalingo sai Garba Chede, sai Bali, sai Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake. Nan muka kwana, don duk wanda muka tambaya cewa yake kada mu hau dutsen da dare.

3/ Da sassafe muka isa Mayo Selbe, gindin dutsen. Daga nan wasa ya ƙare. Hanya ce mai kwana-kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, babur ba ya wuce giya ta biyu. Ni da ke baya babu addu'ar da ban karanta ba. Muna ƙasa gumi muke yi, kafin mu kai Maisamari haƙorana sun fara kaɗawa.

4/ Kana kaiwa sama sai ka ga wata duniya. Tuddai kore shar iya ganinka, shanu suna kiwo, hazo yana ratsa hanya. Tsayin wurin daga teku ya kai kimanin mita 1,600. A wannan yankin ne kuma, kan iyakar Kamaru, Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Ga shiru, irin wanda har kunnenka zai riƙa ƙara.

5/ Dab da Nguroje kacar babur ta tsinke. Muka tura shi wurin bakanike, muka zauna teburin mai shayi. Wani dattijo na gefe da ƙaramar rediyonsa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, garinku akwai daɗi, shiru, babu hayaniya." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, shirun nan ku baƙi yake yi wa daɗi. Ka taɓa sauka dutsen nan da mara lafiya cikin dare?"

6/ Na rasa amsa. Hira ta yi nisa, sai ya ce yana yaro ya raka mahaifiyarsa layin zaɓe, ranar da aka tambaye su ko Najeriya suke so ko Kamaru. Wallahi kunya ta kama ni. Ina aji uku a sashen tarihi, amma wannan zaɓen layi biyu kawai na taɓa gani a kansa. Da muka dawo na shiga laburare. Ga abin da na tarar.

7/ Tun fil azal akwai mutane a kan tsaunin: Mambilawa, manoma ne. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan lamidon Banyo, garin da yau yake cikin Kamaru, sun riƙa kai musu hari suna kama bayi. Shi ya sa in ka bi tsohon tarihin wurin, gabas za ka ga yana kallo, wajen Banyo.

8/ Da Turawa suka yi rabon Afirka, wannan yanki ya faɗa hannun Jamus. A farkon shekarun 1900 Jamusawa suka ci Banyo, Mambila ta zama ɓangaren Kamarun Jamus. Masarautar Adamawa kanta raba ta aka yi: Yola, inda Lamiɗo yake, ta zauna wajen Ingila, mafi yawan ƙasarsa kuwa ta tafi wajen Jamus.

9/ Sai yaƙin duniya na farko. Ingila da Faransa suka taru a kan Jamus a Kamaru. Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915. A watan Nuwamba sojojin Najeriya, waɗanda akwai Hausawa da yawa a cikinsu, suka hau dutsen Banyo inda Jamusawa suka yi sansani, suka ƙwace shi. Sansanin ƙarshe, na dutsen Mora, ya miƙa wuya a watan Fabrairun 1916.

10/ Bayan yaƙi aka raba ganima. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila ta ɗauki wani siririn yanki da ya bi iyakar Najeriya ta gabas. A 1922 Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ta amince da rabon, da sharaɗin riƙo aka ba su, ba mallaka ba. A 1946 riƙon ya koma ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya.

11/ Ingila ta kasa nata gida biyu. Kamaru ta Kudu, wato su Buea da Bamenda. Sai Kamaru ta Arewa. To ku saurari garuruwan da ke cikinta: Dikwa, Bama, Gwoza, Madagali, Michika, Mubi, Ganye, Toungo, Gashaka, Mambila. 'Yan Mubi da Bama, kun ji fa. A takarda kakanninku ba 'yan Najeriya ba ne sai 1961.

12/ Amma a aikace Turawa sun bi hanya mai sauƙi. Suka jingina Dikwa da lardin Barno, mafi yawan sauran kuma, har da Mambila, suka sa su ƙarƙashin En'e ta Adamawa. Daga Yola ake turo hakimi, can haraji da jangali suke tafiya. Mutanen duwatsu da yawa ba su taɓa jin daɗin wannan tsari ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

13/ Da 'yanci ya matso sai tambaya ta taso: ina za a sa wannan yanki? A watan Nuwamban 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a Kamaru ta Arewa. Zaɓi biyu ne: ku shiga Jihar Arewa ranar da Najeriya ta samu 'yanci, ko a ɗage maganar zuwa gaba. A Kaduna ana ganin an riga an gama.

14/ Sakamako ya fito: 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 suka ce a shiga Najeriya. Jam'iyyar NPC da Sardauna Ahmadu Bello suka sha mamaki. Da aka bincika sai aka gane yawancin masu ƙuri'ar ba don son Kamaru suka yi haka ba. Hakiman da ake ɗora musu daga nesa ne suka ishe su, kuma wannan ce damar farko da aka taɓa ba su ta faɗa.

15/ Nan da nan aka shiga gyara. Aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola, aka kafa masa En'o'insa, ciki har da ta Gashaka da Mambila, aka sauke wasu hakimai. Ranar 1 ga Oktoba 1960, lokacin da ake biki a Legas, yankin yana hannun wani Baturen Ingila, Sir Percy Wyn-Harris, mai zama a Mubi, yana jiran zaɓe na biyu.

16/ A watan Fabrairun 1961 aka sake. Wannan karon babu ɗagewa: ko Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru, wadda ta samu 'yanci daga Faransa ranar 1 ga Janairu 1960 ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, Bafulatanin Garwa. Jam'iyyar NKDP tana jan mutane zuwa Kamaru. Sardauna kuma ya yi alkawarin in suka shigo za su zama lardi mai zaman kansa, ba za a mayar da su ƙarƙashin Yola ba.

17/ Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A 1959 maza kaɗai suka yi zaɓe. A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce dole da mata. Matan Arewacin Najeriya kuwa sai 1976 aka ba su wannan 'yanci, bayan gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Ke nan mahaifiyar dattijon nan ta riga matan Kano da Kaduna jefa ƙuri'a da shekara 15.

18/ Sakamakon Kamaru ta Arewa baki ɗaya: 146,296 Najeriya, 97,659 Kamaru. Kashi 60 da kashi 40 ke nan. Ku sake duba na biyun. Cikin kowane mutum biyar, biyu ba su zaɓe mu ba. Ita kuwa Kamaru ta Kudu akasin haka ta yi, ta zaɓi Kamaru, kuma tushen rikicin da ake yi a yankinsu na masu Ingilishi yana komawa can.

19/ Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Najeriya. Ahidjo ya ce an yi maguɗi, ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki a Kamaru, ya kai Ingila ƙara Kotun Duniya. A watan Disamban 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar, don riƙon ya riga ya ƙare. Magana ta mutu a nan.

20/ An cika alkawarin lardi, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwata a Mubi. Sai dai bai yi tsawon rai ba. A 1967 ya shiga Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 Mambila ta koma Gongola, a 1991 Taraba. Yau tsohon yankin ya warwatsu a Borno, Adamawa da Taraba. Sunan ya rage a ƙaramar hukumar Sardauna, mai hedkwata a Gembu.

21/ Kun ga abin da na wuce ban lura ba. Na ga allon ƙaramar hukumar Sardauna a bakin hanya, na ɗauka girmamawa ce kawai irin ta titi ko makaranta. Ashe shaidar wata yarjejeniya ce: ku shigo, za a kula da ku. To bari mu koma kan babur mu duba yadda kulawar ta kasance.

22/ Arziki dai akwai. Mun je gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, layi-layi kore har inda ido ya tsaya. Akwai kurmin Ngel Nyaki da masu bincike ke zuwa daga ƙasashen waje. Ga shanu: sanyin wurin bai yi wa ƙudan tsando daɗi ba, shi ya sa makiyaya suka riƙa hawowa da yawa tun wajen shekarun 1940.

23/ Wannan arzikin ne kuma ya kawo takaddama. Ƙasa ɗaya, manomi yana so, makiyayi yana so, masu kuɗi daga birni sun killace manyan filaye. An sha yin rikici a kai, kuma na watan Yunin 2017 ya ci rayuka da dukiya mai yawa. In ka je, ka iya bakinka. Wanda yake zuba maka shayi wataƙila ya binne wani nasa a lokacin.

24/ Sai maganar wuta. Tun iyayenmu suna samari ake zancen madatsar ruwan Mambila a kan kogin Donga. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8 don samar da megawat 3,050. Har yau ba ta kunna ƙwai ko ɗaya ba. A masaukinmu na Gembu da janareta muka yi cajin waya.

25/ Hanya kuwa, babbar hanyar mota da ta haɗa tsaunin da sauran Najeriya ita ce wadda muka hau daga Mayo Selbe. In gada ta karye ko ƙasa ta zaftare da damina, kowa ya tsaya. Ƙauyuka da yawa babur ne kaɗai yake kai ka, wani wurin sai an ɗora shi a kwalekwale. Mu yawon shaƙatawa muka hau shi. Su shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa.

26/ A nan na fahimci dariyar dattijon. Rashin cunkoso, rashin ƙarar masana'anta, rashin sabis a wasu wurare, duk abin da muka yi kwana biyu a hanya don mu samu, su shi suke roƙon a kawar musu tun 1961. Ban ce kada a je ba. A je mana. Amma wanda ya san yadda wurin ya zama namu, tafiyarsa za ta bambanta da tamu.

27/ Ga masu niyya: ku je da rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don damina a can doguwa ce kuma hanya tana santsi. A duba burki da kaca kafin Mayo Selbe, ba bayanta ba kamar mu. A saukowa ku bar babur a ƙaramar giya, kada ku dogara da burki kaɗai. Kada ku yi tafiyar dare, kuma ku tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya kafin ku tashi.

28/ Ku riƙe tsabar kuɗi da katin shaida, akwai shingayen jami'an tsaro. Ku koyi gaisuwa da Fulatanci, don a can ya fi Hausa tafiya a wurare da yawa. Ku sayi abinci da zuma a hannun mutanen gari. Kada ku ɗauki hoton mutum ko shanunsa ba ku tambaya ba.

29/ Roƙona na ƙarshe ga 'yan Mubi, Michika, Gwoza, Bama, Ganye, Serti da Gembu: in kuna da kaka ko kakan da ya haura 80, ku zauna da shi wannan hutun ku tambaye shi zaɓen 1961. Wa ya zo musu yaƙin neman ƙuri'a, me aka ce za a yi musu, ina suka jefa tasu. Ku naɗa a waya. Waɗanda suka tsaya a layin nan saura kaɗan. Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya zaunar da Mambila lafiya.