Tarihin Auna Hali da Takardar Tambayoyi: Batun Ciwon "Kan Iyaka"



Yaƙi ne ya haifi dabarar auna halin mutum da takarda. Bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, masanin halayyar ɗan Adam Robert Woodworth ya tsara tambayoyi 116, amsarsu i ko a'a, domin a tace kuratan sojan da ƙarar igwa za ta iya gigitawa. Yaƙi ya ƙare kafin a mori aikin sosai, amma dabarar ta zauna.

Ciwon da mu ke magana a kansa kuwa, ta wata ƙofa ya shigo. A 1938 likita Adolph Stern na birnin New York ya bayyana waɗansu majinyata da suka gagari rabe-raben zamaninsa: ba su haukace ba, amma larurarsu ta zarce damuwar yau da kullum. Ya ce a kan iyaka su ke, sunan kuwa ya bi su. Sai a 1980 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, watau DSM, ya karɓi ciwon da alamu takwas. A 1994 suka zama tara, kamar tsoron a guje wa mutum, da saurin fushi, da cutar da kai. Wanda ya cika biyar, an ce yana da shi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Biyar cikin tara na iya haɗuwa ta hanya 256, har a sami mutum biyu masu suna ɗaya alhali alama guda kaɗai ta haɗa su. Saboda haka waɗansu masana suka ce a daina tambayar yana da shi ko ba shi da shi, a auna yawan kowace ɗabi'a da takarda, irin mai tambaya 240 da Costa da McCrae suka fitar a 1992. Ra'ayin bai yi nasara ba a 2013, domin DSM ya ajiye shi a wani sashe na gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta rungume shi a kundinta da ya fara aiki a 2022, ko da ya ke ta bar wa tsohon sunan ɗan gurbi.

A ganina da sauran rina a kaba. Takarda tana tambayar mutum yadda ya ke a kullum, alhali jigon wannan ciwo shi ne rashin tsayawa wuri ɗaya: wanda ya cika ta da safe cikin natsuwa, da la'asar yana iya ba da wata amsa dabam. Shi ya sa gajerar takarda mai tambaya 10 da Mary Zanarini ta fitar a 2003 aikinta tacewa ne kurum. Wanda ya amsa i sau bakwai, sai a tura shi ga likita su zauna.