Mai Shirya Wasa da Jama'arsa: Daga Dandali Zuwa Intanet

A ƙasar noma irin ta Bakori, kaka ce lokacin dambe da kokawa da kalankuwa. Sarkin wasa ke tsai da rana, maroƙi ya yi shela ranar kasuwa. In aka yi son kai a fage, nan take jama'a ke faɗa wa sarkin ido da ido.

Wasannin intanet kuwa sun nisanta mai shiryawa da 'yan wasa, har rikici ya tilasta sake gina wannan dandali. A 2007 aka gano wani ma'aikacin kamfanin CCP, mai wasan EVE Online, ya taimaki ɓangarensa a ɓoye. Don maido da amana, a 2008 kamfanin ya kafa majalisar da 'yan wasa ke zaɓa da ƙuri'a. Haka kuma a 2013 kamfanin Jagex na Ingila ya shar'anta cewa sabon abu ba zai shiga Old School RuneScape ba sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun yarda.

Ashe fage na masu zuwa ne. Ranar da suka juya baya, sarkin wasa ya rasa sarauta.