Daga Tukunyar Ƙasa Zuwa Butar Silba: Tarihin Tafasa Ruwa a Ƙasar Kagoma

Duk wanda ya shiga kasuwar Kafanchan da niyyar sayen butar shayi, zai tarar da iri uku ko huɗu a jere: ta alminiyam, da ta silba mai fito idan ruwa ya tafasa, da wadda maƙeran gida suka zuba. Sau da yawa mukan tsaya muna duban ƙyalli da farashi. Amma idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa a wannan yanki murhu ne ya saba zaɓa wa uwargida abin da za ta ɗora a kansa.

Ƙasar Kagoma, wato mazaunin al'ummar Gwong a Ƙaramar Hukumar Jama'a, tana maƙwabtaka da ƙasar Jaba, inda ƙauyen Nok yake. A can ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a 1928. Mutanen da suka yi wannan sana'a sun bar tukwane masu yawa, har ma wani bincike na masanan jami'o'in Frankfurt da Bristol, wanda aka buga a 2021, ya gano alamun kakin zuma a jikin ɓaraguzan tukwanensu, waɗanda wasu suka kai shekara 3,500. Ashe ke nan ginin tukunya tsohon gado ne a nan. Ita kuwa tukunyar ƙasa, an yi mata gindi zagayayye ne domin ta zauna daram a kan duwatsu uku, harshen wuta ya lashe ta ta kowane gefe. Tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakinsa. Wannan bai dami kowa ba a zamanin da itace yake a bayan gida.

Al'amura sun sauya a 1927, lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya rabu zuwa Kaduna da Jos. Jirgin ƙasan wancan zamani ma, in mun lura, ai ƙatuwar buta ce a kan ƙafafun ƙarfe, domin da tururin tafasasshen ruwa yake tafiya. Garin ya cika da ma'aikatan reluwe daga kudu da arewa, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo cikinsa a 1933. Kamfanonin Turawa irin su U.A.C. da John Holt suka riƙa turo kwanonin samira da butocin ƙarfe zuwa Arewa ta wannan hanya. Ma'aikacin da zai kama aiki da asuba ba shi da lokacin jiran tukunyar ƙasa, saboda haka shi da mai shayin bakin tasha suka rungumi butar ƙarfe. A cikin shekarun ne kuma noman citta ya fara bunƙasa a Kudancin Zariya, kuma har yau shayin da ba citta a wajenmu ruwan zafi ne kawai.

Butar samira tana da kyan gani, sai dai da zarar ta faɗi fentinta ya ɓantare, tsatsa ta sami ƙofa. Bayan samun mulkin kai a 1960, masana'antun Legas irin su Tower suka cika kasuwanni da kayan alminiyam marasa nauyi, masu saurin ɗaukar zafi. Shimfiɗaɗɗen gindin wannan buta da risho ya dace, kuma rishon ya yaɗu a gidajen malaman makaranta da ma'aikata a shekarun da kananzir yake da araha, musamman bayan buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. Matan da suka ci gaba da girki da itace kuwa sai suka ɓullo da dabarar shafe gindin butar da jiƙaƙƙen toka kafin ɗorawa, domin baƙin hayaƙi ya fita da sauƙi wajen wanki.

Haka nan maƙera suka koyi narka tsofaffin ƙarafan alminiyam suna zuba tukwane da butoci masu kauri da jure wuta. A nan muna da damuwa. Abin da ake narkawa yakan haɗa da tarkacen injin mota, kuma wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna cewa irin waɗannan tukwane suna iya sakin gubar dalma cikin abinci. Gidan da yake tafasa ruwan rijiya domin tsare yara daga taifot da kwalara bai kamata ya musanya wata cuta da wata ba.

A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, kuma zuwa 2023 lita guda ta haura naira 1,000. Risho ya koma ƙarƙashin gado. Masu hali suka koma gas, wanda butar silba mai faɗin gindi ta fi dacewa da shi, tun da ba ta tsatsa kuma fitonta yana hana ɓarnar wuta. Mafi yawan gidajen ƙauyukan Kagoma kuwa gawayi da itace suka riƙe. Mun sha ganin butar silbar da aka kawo cikin kayan amarya an ɗora ta a kurfoti, kafin mako ya zagayo mariƙinta na roba ya narke, murfin fiton ya lanƙwashe, aka ɗaura mata waya a madadin hannu.